Hannun Da Ke Fuskar Wayarsa Ba Nawa Ba Ne

Assalamu alaikum mutanena, masu sharhi da masu leƙowa su wuce ba su ce komai ba, duk ina ganin ku. Yau ba doguwar gaisuwa, don cikina cike yake. Zan faɗa muku abin da na kasa faɗa wa kowa a gidanmu. Kishi nake yi, kuma da hannu nake kishin. Hannu guda ɗaya, na dama, mai yatsu biyar kamar na kowa. Ku yi dariyarku ku gama, ni ma da wata ce ta ba ni labarin da sai na riƙe ciki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai walda ce. Ba wai ina da shago ina zaune a kujera ina ba da umarni ba, ni ce mai riƙe sandar, ni ce wuta ke zuba a jikinta. Get nake yi, da tagogi, da ƙofofin shago, da gadon ƙarfe idan an matsa min. A wurin Baba na koya tun ina da shekara goma sha huɗu, lokacin da nake kai masa abinci in ƙi komawa gida. Da idonsa ya yi rauni shekara huɗu da suka wuce, na ɗauki mabuɗin shagon ban nemi shawarar kowa ba. Shekarata ashirin da bakwai yanzu, kuma duk layinmu Tartsatsi suke kira na.

Mama ba ta taɓa furta kalmar walda da bakinta ba. Idan aka tambaye ta me babbar 'yarta ke yi, sai ta gyara zama ta ce ina harkar kayan adon gida. Ba ƙarya take ba, get ma ado ne idan ya sha fenti. Amma ta fi kowa sanin cewa sana'ar nan ta kori manema uku daga ƙofarmu. Na farko ya ga hannuna ya tambaye ni ko gobara muka taɓa yi. Na biyu ya zo sau biyu, a na uku ya kawo min salansar babur ɗinsa na liƙe masa, ban sake ganin ko ƙurarsa ba. Na uku ya ce zai aure ni idan na rufe shago, na ce ya fara rufe bakinsa mu ga yadda rufewa take. Sati biyu Mama ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Sai ga Mai Kyamis.

Ranar da ya fara gani na, daga asibiti nake, mun je duba wata 'yar'uwar Mama, kuma Mama ce ta zaɓa min kayan da na sa. Na tsaya a shagonsa in sayi maganin ɗigawa a idon Baba. Dogo ne, mai tabarau, yana magana a hankali kamar ba ya so ya tayar da wani daga barci. Ya rubuta yadda za a ɗiga maganin a jikin kwalin, ya karanta min, ya sake karanta min. Na karɓa na fita. Bayan kwana uku Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo gidanmu tana haki, wai mai sayar mata da maganin hawan jini yana tambayar yarinyar nan mai nutsuwa da ta sayi maganin ido. Ƙanwata Auta ta tambaya wace yarinyar, duk ɗakin ya kwashe da dariya, har da ni.

Amma ba zan ɓoye muku ba, ya kwanta min a rai. Tun daga yadda ya karanta kwalin nan sau biyu na ji ina so in sake ganin sa, kuma ban taɓa jin haka game da kowa ba.

Matsalar ta fara ne daga waya. Shi mutum ne mai dogon saƙo. Zai rubuto layi goma yana tambayar yadda na kwana, da jikin Baba, da ko na karya, ni kuma in cire safar hannu ɗaya, in danna "Lafiya lau", in mayar da wayar aljihu. Wata rana ya rubuto abin da ya cika fuskar waya biyu, na amsa da "To". Auta ta gani ta kai wa Mama. Washegari aka zaunar da ni a ɗakin Mama, ita da Gwaggo a bakin gado, Auta a tsaye jikin ƙofa tana cin biskit. Gwaggo ta ce saƙonnina kamar na mai gadin da aka tambaya ko maigida na nan. Mama ta ce wannan karon ba za ta zuba ido in kori mutumin kirki ba. Aka yanke cewa babbar wayata za ta riƙa kwana a wurina amma ta wuni a gida hannun Auta, ni in tafi shago da ƙaramar ta aiki. Maganar walda kuma a binne ta sai magana ta yi ƙarfi.

Na yarda. Ga laifina nan, na ajiye shi a gabanku tun kafin ku nemo shi. Ni da nake cika baki cewa ba na sauya tafiyata don kowa, na miƙa wayata da hannuna, saboda ina tsoron wannan ma ya gudu.

Auta shekararta ashirin da ɗaya, tana shekarar ƙarshe a kwaleji, kuma ɗaki ɗaya muke kwana. Gefen madubinta kwalaben man shafawa ne a jere har guda bakwai, gefena kuwa sabulu ɗaya da man ƙuna. Ko kwano za ta wanke sai ta sa safar roba, safar ma ni na saya mata. Ina son yarinyar nan, ni na goya ta, ni na koya mata hawa keke. Ku riƙe wannan a ranku, don abin da zan faɗa nan gaba ba zai yi kama da na mai son ƙanwarta ba.

Kullum da yamma idan na dawo na yi wanka, sai ta miƙo min wayar in karanta abin da "na" faɗa masa a ranar, don kada in kwafsa idan ya kira. Satin farko dariya nake yi. Wai ni ce na rubuta cewa ina son ƙamshin ƙasa idan an fara yayyafi, ni da ruwan sama ke hana ni aiki. Sati na biyu dariyar ta ragu. Ya ba ta labarin mahaifiyarsa da ta rasu yana ɗan shekara goma sha biyu, da yadda har yau yake duba kwali sau biyu don tsoron kada ya ba wani maganin da ba nasa ba. Da ni ce, "Allah ya ji ƙanta" zan ce in rasa abin ƙarawa. Auta ta rubuta masa cewa mai duba kwali sau biyu bai daina kula da mahaifiyarsa ba ne, ya dai raba kulawar ga mutanen da ke shigowa shagonsa. Na karanta sau uku, idona ya kawo ruwa, sannan haushi ya taso min tun daga ciki. Ya amsa mata da cewa bai taɓa samun wanda ya fahimce shi haka ba. Sunana ne a saman saƙon, hotona ne a gefe, amma na san sarai ba da ni yake ba.

Ranar Laraba ta satin da ya wuce na dawo na tarar da Auta ba ta miƙo wayar da sauri kamar yadda ta saba ba. Na fizge. Ashe ya rubuto cewa ya wuce wani shago ya ga zobe, yana so ya ga hannun da zai sa shi. Ƙasa da saƙon ga hoto. Hannu ne a kan matashina, sanye da agogona, yatsu dogaye sumul, farce a gyare yana sheƙi.

"Hannun wa ye wannan?"

"Yaya, Mama ce ta ce in tura. Kin san naki..."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba ta buƙatar ƙarasawa. Bayan hannuna duk ɗigo-ɗigon tabon wuta ne kamar an watsa riɗi. Tafin ya yi kanta, farcen babban yatsana na hagu baƙi ne tun ranar da guduma ta kuskure ƙarfe ta same shi. Ban taɓa jin kunyar hannun nan ba, shi ke ciyar da gidanmu. Amma ranar na zauna a bakin gado na sa shi kusa da hoton ina kwatantawa kamar wata sakarya. Amsarsa tana ƙasa, kalma biyu kawai, "Masha Allah", da 'yar zuciya ja a gefe.

Asabar da la'asar ya zo gida. Tun azahar Mama ta fara shirya ni. Doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu har wuyan hannu, babban mayafi mai duwatsu a baki, da takalmin Auta mai tsini wanda nake tafiya a cikinsa kamar ina ɗauke da tsani. Dokoki uku aka kafa min. Kada in yi dariyar nan tawa da ake ji daga bakin titi, kada in fito da hannu daga mayafi, kuma kada in kuskura in yi maganar ƙarfe. An shimfiɗa wa kujerun falo sabon lulluɓi, an fesa turare har fanka na tura shi cikin ido. Teburin tsakiya ni na haɗa shi da hannuna, ƙafafunsa a murɗe, kwana huɗu na yi a kansa. Mama ta rufe shi da farin ƙyalle har ƙasa.

Ya shigo da sallamarsa a hankali, ya gaida Baba a ɗakinsa, ya duba maganin idon ya ce saura kaɗan ya ƙare. Sannan ya zauna a kujerar da ke kallon tawa ya ajiye wayarsa a kan teburin. Muna cikin gaisawa wani saƙo ya shigo, fuskar wayar ta yi haske.

Hannun ne. Ya cika fuskar wayar daga sama har ƙasa, da agogona da komai.

Mutumin nan duk sanda zai duba lokaci, hannun ƙanwata yake gani. Duk sanda zai kira mai kawo masa magani, sai ya shafa yatsansa a kan hannun ƙanwata kafin wayar ta buɗe. Ni kuwa ga ni zaune a gabansa na naɗe nawa cikin mayafi kamar kayan sata.

A daidai lokacin Auta ta shigo da tire, shayi da biskit da ruwa. Ta durƙusa ta ajiye, ta zuba masa shayin, ta tura kofin gabansa da hannun dama. Na kafa wa fuskarsa ido ko zan ga ya kalli hannun. Tabarau ya hana ni ganewa, hasken taga ya faɗa a kai. Ya ce ya gode, ta ce ba komai, muryarta ta yi wani laushi da ban san ta da shi ba. Wataƙila haka muryarta take kullum, ni ce ban taɓa saurara ba. Ta zuba masa sukari cokali ɗaya ba tare da ta tambaye shi ba, ni kuma sai a lokacin na san cokali ɗaya yake sha.

Ya kurɓa, ya dube ni ya ce maganar da na faɗa masa shekaranjiya game da tsuntsayen nan ta tsaya masa a rai. Waɗanne tsuntsaye? Ranar Alhamis na gaji, ban karanta saƙonnin ba, na kwanta da takalmi ɗaya a ƙafa. Na yi murmushi na ce ai tsuntsaye abin sha'awa ne. Ya jira in ƙara, na ce musamman masu tashi. Daga bakin ƙofa Auta ta yi wani ɗan tari, ta ce ai Yaya na nufin tattabarun da ke sauka a tagarmu, waɗanda ɗaya ba ya ci sai ɗayan ya sauko. Ya juya ya dube ta ya ce haka ne, su ne. Suka yi dariya tare, 'yar gajeriya, ta fita da tiren.

Sauran hirar ban san me na ce ba. Na dai san na zauna ina zufa cikin rigar nan, ina lissafa hanyoyin da zan bi in sa wayarsa ta faɗa cikin kofin shayi ba tare da an ce da gangan na yi ba.

Yana tafiya na cire takalman na wurgar a tsakar gida, na bi Auta ɗaki na rufe ƙofa. Tana zaune gaban madubi da wayata a hannunta, har ta fara rubuta masa Allah ya kai shi gida lafiya. Na ce ta ba ni. Ta ce bari ta ƙarasa. Na ce ta ba ni kafin in manta uwa ɗaya ta haife mu. Ta miƙo tana turo baki, ta ce ita fa taimako na take yi, ba wanda ya biya ta, karatunta ma ta bari tana zaman amsa saƙon saurayin wata. Na ce to an gode, aikin ya ƙare daga yau.

Na zaci za ta ce ta huta. Sai ta kama murza murfin wata kwalba, ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe.

"Gobe ne ranar da mahaifiyarsa ta rasu," ta ce ba ta dube ni ba. "Ki ce masa wani abu da safe. Kada ki ce To."

Da zagi na ta yi da ya fi min sauƙi. Na tsaya da waya a hannu ina kallon ƙeyarta, ina jin kishi yana ci na kamar yunwa, kuma ban ma san wa nake kishi ba, ita ko matar nan da muka ƙera mu huɗu muka sa mata sunana. Na ce mata ta san shi da yawa. Ta ce ai wata biyu take magana da shi kullum, ko bango ne ta san shi. Daga nan ta ɗauki littafinta ta fita.

Lahadi ban tura masa komai ba. Na rubuta na goge ya fi sau goma, duk abin da na rubuta sai ya fito kamar sanarwar rasuwa. Shi ma saƙo ɗaya ya turo da rana, yana tambaya ko lafiya. Ban amsa ba. Auta ta wuni tana shara inda babu datti, duk sanda wayar ta yi ƙara a aljihuna sai tsintsiyar ta tsaya.

Da la'asar na shiga wurin Baba in ɗiga masa magani. Ya kwantar da kai, na buɗe idon da yatsa biyu. Baba ba ya gani sosai amma babu abin da ke wuce kunnensa a gidan nan. Ya ce ya ji jiya an rufe teburinsa da ƙyalle, don shi teburinsa yake kiran sa tunda a shagonsa aka yi. Na ce Mama ce. Ya ce ya kuma ji ban yi dariya ba ko sau ɗaya, har ya zaci baƙon da wata yake hira. Na rufe kwalbar. Ya kama hannuna ya shafa tabon da babban yatsansa, ya ce shi dai ya san 'yarsa da wannan, sannan ya ce in miƙo masa rediyonsa.

Litinin da safe na tafi da wayoyin duka biyu. Mama ta biyo ni har bakin get tana cewa in na ɓata wannan ma kada in zo mata da kuka. Na ce idan na zo da kukan ta ba ni tsumma kawai. Ina isa shago na rubuta masa kwatancen wurin, na ƙara da cewa ya zo ƙarfe huɗu kuma kada ya sa fararen kaya. Wannan ne saƙo mafi tsawo da na taɓa tura masa da hannuna.

Da fararen kaya ya zo.

Ina durƙushe a kan wani get mai ɓangare biyu na wata makaranta, cikin shuɗin kayan aikina da ya ƙone a gwiwa, ƙaton takalmi a ƙafa, tsohon ɗankwali a ƙarƙashin murfin fuska. Ta cikin baƙin gilashin na hango shi tsaye a bakin shago yana duba waya yana duba sama, yana neman shagon kayan ado. Ya matso ya yi sallama, ya ce, malam don Allah ko ka san wata mai sayar da kayan adon gida a nan. Na kashe injin, na miƙe, na ɗage murfin.

Na shirya wa abubuwa da yawa. Na shirya ya ja baya, na shirya ya ce yana da uzuri, har na shirya ya tambaye ni ko ina liƙe salansa. Na cire safar hannu na miƙa masa hannayen biyu, bayansu da tafinsu, na ce ga su nan, waɗannan ne nawa, ni mai walda ce, ba na son ƙamshin yayyafi, tattabarun tagarmu kuma kullum korar su nake yi don suna ɓata min shanya.

Ya fashe da dariya. Ban taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi ba, har ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce malam ɗin da ya kira ni tsokana ce, tun daga nesa ya gane tsayuwata. Ya ce shi da ke sayar da maganin ƙuna kullum, tun ranar da na miƙa hannu na karɓi kwalin nan ya san tabon wutar walda ne, kuma Gwaggo da bakinta ta taɓa yi masa ƙorafin 'yar wanta da ta ƙi barin ƙarfe. Don haka ma ya tambaya. Ya ce duk matan da aka nuna masa suna magana ne kamar ana ba su maki, ni kuma na shigo shagonsa na ce maganin ido, na karɓa, na fita ko waiwaye babu.

Jama'a, na yi dariyar nan tawa, wadda ake ji daga bakin titi. Mai faci da ke gefenmu har ya leƙo. Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga kai. Na jawo masa benci na goge da hannun rigata, ya zauna da fararen kayansa bai ko duba ba. Ya tambaye ni yadda ake murɗa ƙarfe ya yi fure, na nuna masa, na yi ta zuba kamar famfo ya ɓalle. Minti ashirin na yi ina cikin farin cikin da ban taɓa sani ba.

Da na bar shi a nan. Amma kun san ni, ba na barin haɗi sai na buga shi da guduma na ji ko ya kama.

"To hoton fa? Ka san ba hannuna ba ne."

"Na sani."

"Saƙonnin?"

Ya mayar da tabaransa. Ya ce tun sati na biyu ya gane, don wadda ke amsa layi goma da "To" ba za ta kwana ɗaya ta tashi tana maganar tattabaru ba. Ya ce ya zaci wasa ne na 'yan gida, ya biye, yana jira ya ga ranar da zan gaji in fito da kaina. Hoton ma don ya tsokane ni ya sa shi a fuskar waya, ya ajiye a gabana da gangan ko zan fashe.

"Ka san wace ce ke rubutawa?"

"Ranar Asabar na tabbatar. Amma na daɗe ina zato."

"Ka san ba ni ba ce, ka ba ta labarin mahaifiyarka."

Ya sunkuya ya ɗauki wani guntun ƙarfe daga ƙasa yana juya shi, baƙin ya shafe masa yatsu. Na ce masa ya ce da farko wasa ne, to daga baya fa. Ya ce ni ya gani, ni ya tambaya, wurina ya zo, kuma yau da ya gan ni a haka ya ƙara tabbata bai yi kuskure ba. Na ce ba wannan na tambaye shi ba.

Ya ajiye guntun ƙarfen ya ɗago. Mutumin nan ba ya iya ƙarya, shi ne abin da na fara so a wurinsa, kuma a lokacin na yi fatan da ya iya ko kaɗan ne.

"Jiya na jira saƙo tun safe," ya ce. "Na san ba daga gare ki zai zo ba, kuma na jira. Ban iya cin abinci ba."

Injin mai faci ya tashi a gefe, wata mota ta wuce ta watso mana ƙura. Na tsaya da safar hannu ɗaya a hannu, ban san ko in sa ta ko in jefe shi da ita ba. Ina son sa, a wannan minti ɗin ma na fi son sa fiye da kowane lokaci, kuma ina jin da Auta na kusa da sai an raba mu. Na sauke murfin a fuskata don kada ya ga abin da idona ke yi, na durƙusa na jawo wayar injin kamar aikin ne ke gabana.

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Na ji takunsa ya kai bakin shago, ya tsaya, ya dawo taku biyu. Na zaci haƙuri zai ba ni.

"Ita lafiyarta ƙalau dai ko?" ya ce.